Rok, Jaz da Buluz: Wa Ya Fi Wani, Kuma da Wane Mudu Ake Awon?

Idan aka jera ƙungiyoyin rok irin Beatles da Rolling Stones da Led Zeppelin a gefe guda, aka jera makaɗan jaz da buluz irin Louis Armstrong da Miles Davis da Muddy Waters da B.B. King a ɗaya gefen, su wa suka fi? Masu sauraron kiɗa a Amurka da Ingila sun fi shekara sittin suna wannan musu, kuma duk lokacin da ya yi kamar zai kwanta sai wani abu ya sake tayar da shi.

A watan Satumba na 2023, Jann Wenner, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa mujallar Rolling Stone, ya fitar da littafin hirarrakinsa da mawaƙa bakwai da ya ɗauka su ne gwanayen zamani. Dukkansu maza ne, dukkansu fararen fata. Da jaridar New York Times ta tambaye shi dalili, sai ya ce mata da baƙaƙen mawaƙa ba su kai waɗannan iya fayyace tunaninsu ba. Nan da nan aka cire shi daga hukumar Rock and Roll Hall of Fame, zauren karrama mawaƙan rok da shi kansa yana cikin waɗanda suka assasa shi, ya kuma fito ya nemi afuwa. A 2025 fim ɗin Sinners, wanda aka gina labarinsa kan makaɗan buluz na Misisifi a 1932, ya dawo da maganar bakin matasan da ba su taɓa sayen faifan buluz ba.

A wajenmu ma akwai fahimtar da ta zauna a zukata: rok kiɗan Turawa ne masu dogon gashi da ihu, jaz na masu kuɗi ne a otal, buluz kuwa waƙar soyayya ce mai sanyi. Duk ukun akwai gyara a ciki. Kuma musun "wa ya fi" ba zai warware ba sai an fara duba mudun da ake awon da shi.

Buluz: muryar mutum ɗaya

Buluz ya fito ne daga baƙaƙen fatar kudancin Amurka a ƙarshen ƙarni na 19, wajen shekara talatin bayan an soke bauta a 1865. An 'yanta mutane a takarda, amma akasarinsu sun ci gaba da noman auduga a gonakin tsofaffin iyayengijinsu bisa tsarin raba amfani, inda manomi kan wayi gari bayan kaka da bashi a kansa maimakon riba. A wannan yanayi, musamman a kwarin kogin Misisifi, waƙoƙin aiki da kiraye-kirayen gona da waƙoƙin coci suka haɗu da jita mai araha.

Gininsa ba shi da wuyar ganewa. Mawaƙi zai faɗi layi ɗaya, ya maimaita shi, sannan ya kawo na uku da zai rufe zancen. Ana yin haka a kan zagaye mai gaɓa 12, da haɗin amo uku kacal, wato sautukan da ake kaɗawa tare su zama shimfiɗar waƙa. Bayan kowane layi jita ko hamonika kan amsa, kamar yadda 'yan amshi ke karɓa wa makaɗi. Gwanintar tana cikin abin da ba ya rubutuwa: yadda ake lanƙwasa tsirkiya har sautin ya faɗa tsakanin maɓallan fiyano biyu, yadda ake jan murya, yadda ake jinkirta kalma ta zo bayan bugu.

Ba baƙin ciki kaɗai ke cikinsa ba. Akwai habaici, akwai fahariya, akwai zancen mata da maza ba kunya, kuma kiɗan rawa ne na daren Asabar. Shi ya sa limaman cocin baƙaƙe da yawa suka kira shi kiɗan Shaiɗan. Son House, ɗaya daga cikin manyansa, mai wa'azi ne da ya shafe rayuwarsa yana kai-komo tsakanin mumbari da jita.

Mata ne suka fara kai shi kasuwa. Faifan Mamie Smith na 1920 ya nuna wa kamfanoni cewa baƙaƙe ma suna sayen faifai, Ma Rainey da Bessie Smith suka biyo baya. Daga nan sai babbar ƙaura: tsakanin shekarun 1910 da 1970 baƙaƙe kimanin miliyan 6 suka bar kudu zuwa biranen arewa da yamma. Muddy Waters, direban tarakta a wata gona kusa da Clarksdale, ya isa Shikago a 1943. Hayaniyar mashaya ta fi ƙarfin jitar katako, sai ya koma ta lantarki, ya haɗa da ganga da fiyano da hamonika. Duk wanda ya saurari abin da ya ɗauka a kamfanin Chess a farkon shekarun 1950 zai ji ƙungiyar rok tun kafin a raɗa mata suna.

Jaz: hira tsakanin gwanaye

Jaz ɗan birni ne. An haife shi a New Orleans a farkon ƙarni na 20, garin tashar jiragen ruwa da Faransa da Sifaniya suka mulka kafin Amurka, inda a da ake barin bayi su taru ranar Lahadi a dandalin Congo Square su yi kiɗa da rawa. Can badujalar rakiyar gawa da bukukuwa ta gauraya da buluz da kiɗan fiyano na zamanin. Wani abin lura: faifan jaz na farko da aka sayar, a 1917, ƙungiyar fararen fata ce ta yi shi.

Abin da ya bambanta jaz shi ne ƙirƙirar nan take. Makaɗa kan fara da karin waƙar da kowa ya sani, sannan kowannensu ya karɓi fage bi da bi, ya gina sabon kari a kan shimfiɗar, sauran suna saurare suna mayar masa da martani, a ƙarshe a dawo gida. Waƙa ɗaya, idan an kaɗa ta dare biyar, za ta fito kala biyar. Louis Armstrong ne ya mayar da wannan fage na mutum ɗaya zuciyar kiɗan a faya-fayansa na 1925 zuwa 1928. Duke Ellington ya nuna cewa ana iya tsara wa makaɗa goma sha biyar kiɗa, kowa kuma muryar kayansa ta fita daban. A shekarun 1930 jaz shi ne kiɗan rawar Amurka baki ɗaya, shi ne abin da matasa ke rububi.

To me ya fitar da shi daga filin rawa? Yaƙin Duniya na Biyu ya kwashe makaɗa zuwa soja. A 1944 gwamnati ta ɗora haraji mai nauyi a kan wuraren shaƙatawar da ake rawa, masu gidaje da yawa suka gwammace su ɗauki makaɗa huɗu ko biyar jama'a su zauna su saurara. A daidai lokacin su Charlie Parker da Dizzy Gillespie da Thelonious Monk suka fito da salo mai gudu da sarƙaƙiya wanda ƙafar mai rawa ba ta iya bi. Sun yi haka da gangan, suna so a ɗauke su masu fasaha, ba masu nishaɗantar da mashaya ba. Sun samu girman da suke nema, amma filin rawa ya zama fanko, kuma wani ya zo ya cike shi.

Rok: ɗan da ya fi uban kuɗi

Har zuwa 1949 mujallar Billboard tana jera faya-fayan baƙaƙe a ƙarƙashin sunan da ke nufin "faya-fayan launin fata". Cikin wannan rukuni rok ya tsiro. Sister Rosetta Tharpe tana kaɗa jitar lantarki a waƙoƙin coci tun shekarun 1940. A 1955 Chuck Berry da Little Richard suka fito. Elvis Presley ya fara da faifan 1954 a Memphis, kuma waƙar da ta fito da shi ta Arthur Crudup ce, mawaƙin buluz na Misisifi. Akwai jinin kiɗan fararen ƙauye na kudu a ciki, wannan gaskiya ne, amma ƙashin bayan na buluz ne.

Ƙungiyar rok irin wadda muka sani yau kuwa Ingila ce ta kammala ƙera ta. Muddy Waters ya zagaya Ingila a 1958. A 1961 wasu samari biyu suka haɗu a tashar jirgin ƙasa ta Dartford, ɗaya yana rungume da faya-fayan Chuck Berry da Muddy Waters. Su ne Mick Jagger da Keith Richards, kuma sunan ƙungiyarsu, Rolling Stones, daga wata waƙar Muddy Waters ta 1950 suka ɗauko shi. A 1964 Beatles suka sauka Amurka, sauran suka biyo. 'Yan Ingila suka sayar wa fararen Amurka kiɗan da ke bayan gidansu wanda suka ƙi leƙawa.

Ƙungiya daban, gwani daban

Nan ne kwatancen ya fara karkacewa. A rok, ƙungiya ita ce abin da ake sani. Mutum huɗu ko biyar, suna ɗaya, hoto ɗaya, su rubuta waƙoƙinsu, su shiga sutudiyo su gina faifai. Idan ɗaya ya fita, masoya kan ce abin ya lalace. Led Zeppelin ta watse a 1980 saboda mai gangarta ya rasu. Aikin da ake auna su da shi faifai ne, kuma masu zuwa kallo suna so su ji waƙar kamar yadda take a faifan.

A jaz, mutum ake sani. Makaɗi yau yana bayan wannan, gobe yana jagorantar nasa, jibi yana sutudiyo da wasu da bai taɓa gani ba, kuma za su iya kiɗa tare ba tare da gwaji ba domin akwai ɗaruruwan waƙoƙi da kowa ya haddace. John Coltrane, Herbie Hancock da Wayne Shorter duk sun bi ta hannun Miles Davis kafin kowa ya kafa kansa. Ƙungiyar Art Blakey ta yi sama da shekara talatin tana yaye matasa kamar makarantar allo, wasu na fita wasu na shiga. Kundin Miles Davis mafi shahara, Kind of Blue, zama biyu aka yi aka ɗauke shi a 1959. Beatles kuwa watanni suka shafe a sutudiyo kan kundinsu na 1967, suna ɗora sauti a kan sauti, bayan sun daina rangadin wasa a gaban jama'a a 1966.

A buluz kuma, rayuwar mutum da muryarsa ake saurare, kuma tsufa ƙari ne. B.B. King ya yi wasa sau 342 a shekarar 1956 kaɗai, ya ci gaba da hawa dandamali har dab da rasuwarsa a 2015 yana da shekara 89. Ana gane shi daga tsirkiya ɗaya da ya girgiza.

Mai karatu Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan bambanci. Akwai makaɗan fada irin Narambaɗa, waɗanda ke zama da mataimakansu su tsara waƙa su gyara ta kafin a kai gaban sarki. Akwai Shata, wanda zai tsaya a fili ya ɗora baiti a kan abin da idonsa ya gani a wannan lokacin. Akwai Ɗanmaraya Jos, shi kaɗai da kuntiginsa. Wanda ya ce lallai sai an fitar da na ɗaya a cikinsu da ma'auni guda, bai fahimci abin da kowannensu ke yi ba.

Amma wa ya fi iya kayan kiɗa?

Ba zan kauce wa tambayar ba. Idan ana maganar sanin haɗin amo, da saurin hannu, da iya ƙirƙira a kan shimfiɗa mai wuya, matsakaicin makaɗin jaz ya fi matsakaicin makaɗin rok nesa. Mutanen rok da yawa ba su musa ba. Charlie Watts, mai gangar Rolling Stones har rasuwarsa a 2021, ya rayu yana ɗaukar kansa ɗalibin jaz, yana kafa ƙananan ƙungiyoyin jaz duk lokacin da ya samu sarari.

Sai dai wuya ba ita ce daɗi ba. Idan da yawan haɗin amo ne gwaninta, da buluz ne zai zo na ƙarshe, alhali ƙwararrun da suka yi digiri a kiɗa kan kasa fitar da abin da mawaƙin buluz Howlin' Wolf ke fitarwa da buɗe baki ɗaya. Kuma rok ya kawo nasa. Ya mayar da sutudiyo kayan kiɗa. Ya mayar da ƙarar lantarki da ƙugin na'ura wani harshe. Ya iya waƙar minti uku da mutum dubu hamsin za su rera tare, wanda ba ƙaramin aiki ba ne. Ya kuma buɗe ƙofa ga yaron da bai je makarantar kiɗa ba: a tsakiyar shekarun 1970 ƙungiyoyi irin Ramones sun nuna cewa haɗin amo uku da zafin rai sun isa a fara.

Jimi Hendrix ya isa ya rushe katangar gaba ɗaya. Baƙin Ba'amurke ne, ya yi yaron kiɗa a bayan Little Richard, bai samu karɓuwa ba sai da ya je Landan a 1966. Hannunsa na buluz ne, ƙirƙirarsa ta nan take irin ta jaz ce, ƙararsa ta rok ce. Miles Davis ya saurare shi, ya shigo da kayan lantarki cikin nasa kiɗan a ƙarshen shekarun 1960, masu ra'ayin riƙau na jaz suka ce ya sayar da kansa.

Inda kuɗin ya bi

Wannan shi ne ɓangaren da ya fi ci mini rai, kuma shi ne masu musun kan tsallake. Yawancin masu cewa rok ya fi, hujjarsu ita ce yawan faya-fayan da aka sayar da girman filayen da aka cika. Amma kasuwar ba a buɗe take ga kowa daidai ba.

Da farko akwai wariya a fili. Makaɗi baƙi zai yi wasa a otal ɗin da ba a yarda ya kwana a ciki ba. Manyan gidajen rediyo ba sa sa faifansa. Idan waƙarsa ta yi kyau, sai kamfani ya ba farin mawaƙi ya sake rera ta da laushi, kamar yadda Pat Boone ya yi da waƙoƙin Little Richard da Fats Domino. A New York, har zuwa 1967, sai da katin izini daga 'yan sanda makaɗi ke iya aiki a gidan da ake sayar da barasa. An ƙwace na Thelonious Monk a 1951, ya yi wajen shekara shida ba ya iya wasa a manyan gidajen garinsu, a lokacin da yake kan ganiyarsa.

Na biyu, kuma wanda ya fi zurfi, shi ne yadda dokar haƙƙin mallaka take. Doka tana kare baitoci da karin waƙa. Ba ta kare salo, ba ta kare bugu, ba ta kare yadda mutum ke lanƙwasa tsirkiya. Ke nan ainihin dukiyar buluz da jaz tana wajen shingen doka. Wanda ya ƙirƙiri wani sabon abu na minti biyar a kan waƙar wani, kuɗin rubutu na mai waƙar ne, shi ladan zama kawai zai karɓa. Har yau gidajen rediyon Amurka na gargajiya marubucin waƙa suke biya, ba wanda ya rera ko ya kaɗa ba. Faifan sauti kansa bai samu kariyar dokar tarayya ba sai 1972, kuma sai a 2018 aka yi dokar da ta wajabta biyan masu tsofaffin faya-fayan da suka riga wannan shekara idan an sa su a kafofin intanet. Tsarin ƙungiyar rok mai rubuta waƙarta ya dace da wannan doka kamar an auna. Shi ya sa aka ruwaito cewa kamfanin Sony ya sayi waƙoƙin mawaƙin rok Bruce Springsteen kan kimanin dala miliyan 500 a 2021, na ƙungiyar Queen kuma sama da dala biliyan 1 a 2024.

Ga ɗaya gefen. Arthur Crudup, wanda Elvis ya rera waƙoƙinsa uku, ya koma aikin gona, ya rasu a 1974 yana bin haƙƙinsa. Big Mama Thornton, wadda ta fara rera Hound Dog shekara uku kafin Elvis, ta ce dala 500 ta samu. Mawaƙin buluz Robert Johnson ya ɗauki waƙoƙi 29 a 1936 da 1937, ya rasu a 1938 yana da shekara 27, har an daɗe ana saɓani kan inda kabarinsa yake, alhali ƙungiyoyin rok irin Cream da Rolling Stones sun cika filaye da waƙoƙinsa. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Adalci ya sa a faɗi cewa ba 'yan Ingila suka fara cutar ba. Muddy Waters da marubucin waƙoƙin buluz Willie Dixon sun kai kamfanin da ke riƙe da haƙƙin waƙoƙin Chess kotu a 1977, wato gidan da suka yi wa aiki shekara da shekaru. Kuma Hound Dog ɗin nan wasu samari biyu farare ne suka rubuta wa Thornton ita. Labarin ba baƙi da fari ba ne tsantsa.

Sata ce ko gado?

Masu cewa sata ce suna da abin nunawa. Led Zeppelin ta fitar da Whole Lotta Love a 1969 da baitocin da suka yi kama ƙwarai da wata waƙar Willie Dixon ta 1962, ba tare da sunansa ba. Ya shigar da ƙara a 1985, aka sasanta a wajen kotu, yanzu sunansa na kan waƙar. Ba wannan kaɗai ba ce a cikin waƙoƙinsu da aka gyara sunayen marubuta daga baya.

Masu cewa gado ne su ma suna da hujja. Aro al'ada ce a cikin buluz, baiti kan yi yawo daga baki zuwa baki, ba wanda ya san mai shi na farko. Makaɗan jaz na shekarun 1940 sun ɗora sababbin kari a kan shimfiɗar waƙoƙin George Gershwin, suka sa musu sunayensu. Sannan a shekarun 1960 matasan baƙaƙe da kansu sun juya wa buluz baya, sun koma waƙoƙin kamfanin Motown da na James Brown, domin buluz na tuna musu da gonar auduga. Rolling Stones galibi sun sa sunayen marubuta a faya-fayansu, sun dage a 1965 sai an gayyato Howlin' Wolf wani shirin talabijin na Amurka suka zauna a ƙasa suna kallonsa, sun kuma ɗauki B.B. King a rangadinsu na 1969. Beatles sun ƙi wasa a Jacksonville a 1964 sai an bar baƙi da fari su zauna tare. Dattawan buluz da yawa sun samu abin hannu a ƙarshen rayuwarsu ta wannan hanya.

A ganina ba a yi wa ƙungiyoyin rok kuɗin goro. Aro tsakanin matalauta biyu da ke wasa a mashaya ɗaya daban ne da aron da zai sa ɗaya ya sayi jirgin sama ɗaya yana bin bashin haya. Wanda ya ɗauka ya ambaci mai shi ya biya, magaji ne. Wanda ya ɗauka ya rubuta sunansa a kai, sai da kotu ta tilasta shi, ya san abin da ya yi.

Jaz dai ya samu girma maimakon kasuwa. Majalisar dokokin Amurka ta ayyana shi dukiyar ƙasa a 1987, ana koyar da shi a jami'o'i, UNESCO ta ware masa ranar 30 ga Afrilu. Amma kasonsa a cikin kiɗan da Amurkawa ke saurare bai wuce kashi 1 ko 2 cikin 100 ba.

Ina Afirka a ciki?

Ana yawan cewa buluz daga Afirka ya zo. Akwai ƙamshin gaskiya. Banjo, wanda bayi suka ƙera a nahiyar Amurka, ɗan'uwan molo da gurmi da garaya ne: ƙwarya, fata, sanda da tsirkiya. Bayan tawayen bayi na Stono a 1739, Karolina ta Kudu ta hana su ganga, abin da ya ba kayan tsirkiya da murya fili. Masanin kiɗa Gerhard Kubik ya yi bayanin cewa siffofin buluz na Misisifi, wato mawaƙi ɗaya da abin tsirkiya da murya mai lanƙwasa, sun fi kama da kiɗan yankin da ya taso daga Senegal ya ratsa Mali da ƙasar Hausa zuwa arewacin Kamaru fiye da na bakin teku mai tarin ganguna. Duk wanda ya san kukan goge da kukuma zai ji abin da yake nufi. Duk da haka buluz a Amurka aka haife shi, da jitar Turawa da Ingilishi da wahalar wannan ƙasa. Raba shi da mutanen da suka sha wahalar, ko da da sunan Afirka ne, wani ƙwacen ne.

Zumuncin ya riƙa zuwa yana dawowa. Armstrong ya zo Accra a 1956, ya zo Najeriya a 1960. Yusef Lateef, mai busa saksofon, ɗaya daga cikin makaɗan jaz da dama da suka musulunta, ya zauna a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya daga 1981 zuwa 1985 yana nazarin kiɗanmu, har da sarewar Fulani. Shi ko kalmar jaz ba ya so a kira kiɗansa da ita. Ali Farka Touré na Mali da ƙungiyar Tinariwen sun ci lambar yabon kiɗa ta Grammy da abin da kasuwar Turai ta raɗa wa suna buluz ɗin hamada. Mdou Moctar, Buzu daga Nijar, a Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko a 2008 da salon waƙoƙin Hausa na sutudiyo, waƙoƙin suka yi yawo daga waya zuwa waya, yau kuma da ƙungiyar mutum huɗu yake zagaya duniya ana kiransa gwarzon jitar rok. Sunan da aka liƙa wa kiɗa shi ke yanke wane biki za a gayyace ka da nawa za a biya ka, kuma sau da yawa ba makaɗin ne ya zaɓi sunan ba.

Abin da ya shafi mai sauraro da makaɗin gida

Ga mai sauraro, jerin "gwanaye ɗari" da mujallu ke fitarwa da adadin sauraro da manhaja ke nunawa ba shaidar gwaninta ba ne, tarihin wanda kasuwa ta buɗe wa ƙofa ne. Hanya mafi sauƙi ta gwada wannan ita ce bin waƙa baya: ka ji ta a bakin ƙungiyar rok, ka duba sunan marubucin, ka nemo wanda ya fara rera ta. Yanzu duk suna cikin waya.

Ga makaɗi kuwa maganar ta fi kusa. Giɓin da ya cinye su Crudup yana nan a wajenmu. Mai kalangu ko mai fiyanon sutudiyo da ya ƙirƙiro bugun da ya ɗaga waƙa, sallamar rana ɗaya yake karɓa, sunansa ba ya kan komai. Ana ɗaukar amshin tsofaffin makaɗa a ɗora a kan sabon kiɗa ba tare da an nemi magadansu ba. Najeriya ta samu sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, kuma ta tanadi haƙƙin masu aiwatar da wasa, amma doka ba ta bin mutum gida. Sai an rubuta yarjejeniya kafin a shiga ɗauka: wa ya yi baiti, wa ya yi kari, wa ya mallaki faifan, kashi nawa na kowa.

Willie Dixon ya koyi wannan da tsada. Bayan ya karɓo haƙƙoƙinsa ya kafa gidauniyar Blues Heaven domin taimaka wa tsofaffin makaɗa su bi kuɗinsu, a kuma koya wa matasa yadda harkar take. Ya rasu a 1992. Gidauniyar yanzu tana zaune a lamba 2120, titin South Michigan a Shikago, tsohon ginin kamfanin Chess, inda shi da Muddy Waters suka yi aiki, inda kuma Rolling Stones suka zo ɗaukar waƙa a 1964.